Yayana da Ya Ci Burodi a Gaban Surukinsa

Bari in fara da wautata, don in ban faɗa da bakina ba akwai masu jira su faɗa a madadina, kuma su ba sa ragi. Ni ne mutumin da arziki ya tarar a teburin mai shayi, na ce masa ya ɗan dakata in je in yi wanka. Kafin in dawo ina ƙamshin sabulu, arzikin ya ɗauki yayana ya yi gaba. Yanzu gemuna ya yi fari fat, haƙoran da suka rage mini ba sa iya goro sai an daka, amma har yau in na bi ta bakin iyaka sai na ɗaga kai na kalli inda allon nan ya taɓa tsayawa, in yi tsaki.

Yaya ya rasu da hantsi, muka kai shi makwancinsa bayan Azahar. Na yi kuka, kada wani ya ce ban yi ba. Amma da muka dawo muka zauna a ƙofar gida, na ga tabarmi sun ƙare har ana aro daga masallaci, na ga motoci masu lambar Nijar sun toshe lungu, sai tsohon ciwona ya motsa. Na ce a raina, wannan bawan Allah ko a kwance ya fi ni kasuwa. Ranar tawa in aka cika tabarma biyu, to an ji labarin ana rabon shinkafa ne.

Muna zaune aka riƙo wani tsohon direban babbar mota daga Maraɗi, aka zaunar da shi kusa da ni. Kunnensa ya daɗe da mutuwa, saboda haka duk abin da zai faɗa sai unguwa ta ji.

"Ashe Mai Bota ya tahi," in ji shi. "Allah shi gahwarta mishi. To, yanzu dai ya ƙoshi."

Tsofaffin da ke wurin suka ja rawani suka rufe baki, kafaɗu suna rawa. Samari suka yi ta kallon juna, ba su san wane ne Mai Bota ba, su dai sun san wani dattijo dillalin hatsi mai yawan shiru. Daga bayan katanga na ji matar Yaya, tana cikin takaba, ta yi wata irin dariya wadda ta ƙare da kuka. Babban ɗansa kuwa, wanda ke aikin gwamnati a Katsina, ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Baffa, don Allah a bar zancen nan, ga baƙi."

Na ce to. Amma da na kwana na tashi sai na ga in aka bar zancen nan, an binne Yaya sau biyu ke nan. Ni ba ɗan boko ba ne. Ajin yaƙi da jahilci na shiga, shi ma don inuwar ajin ta fi ta tasha sanyi. Duk da haka zan rubuta, wanda ya ga karkataccen harafi ya miƙe shi da kansa.

Sai na yi wa yaran yanzu bayani, don na ga mutum yana sa hannu a kwano ɗaya da uban matarsa, har yana ce masa ya miƙo yaji. A zamaninmu suruki ba ya ganin ka kana tauna. Ko gyaɗa ce a bakinka ka hango shi, sai ka haɗiye ta yadda take ko ka juya ka tofar. Ba ka kiran sunansa, ba ka hawa tabarmarsa, tun daga nesa kake tuɓe takalmi ka durƙusa. Yaya kuwa nasa ya fi na kowa wuya, don a rumfar surukinsa yake aiki. Surukin babban dillalin hatsi ne a garinmu Jibiya, a bakin hanyar da ke fita Nijar, Yaya ne mai awo, shi ke riƙe da tiya yana zuba gero da dawa a buhu. Daga safe zuwa yamma suna tare, amma in yunwa ta kama Yaya sai ya zagaya can bayan tasha, wurin wani mai shayi, ya ci abinsa kamar ɓarawo, ya goge baki ya dawo.

Lokacin kuɗin man fetur sun fara zuba, an daina lissafi da sule an koma naira. Wanda jiya yake kan jaki yau yana kan babur, rediyo rataye a wuya. Ni ina ɗan kamasho a tashar bakin iyaka, ina cusa mutane a mota ina rantsuwa cewa saura mutum ɗaya. Ran nan ina zaune wurin mai shayin, Yaya yana gefe ya ba hanya baya, sai ga wata farar mota. Wani ɗan Ikko ya fito da kyamara a ƙirji. Manajan wani kamfani ne mai sayar da bota ta gwangwani, wadda ake shafa wa burodi. Hausarsa irin ta bariki ce. Ya ce yana neman fuskar Bahaushe da za a sa a allon talla.

Ni na fara tashi. Na ce ga fuska nan Allah Ya kawo shi gabanta, amma ya ba ni lokaci kaɗan. Na zura gida a guje. Na yi wanka, na sa kwalli, na fito da rigar Sallah, na ari hula wurin maƙwabci, na zuba turare har sai da kajin gidan suka yi atishawa. Da na dawo na tarar an gama. Manajan ya lafta bota a kan burodi ya miƙa wa Yaya, Yaya kuma yunwa ce ta kawo shi, ya wage baki zai kai cizo, wani ya faɗi abin dariya, aka danna kyamara. Da rigar aiki, da gumi, da ƙaiƙayi a gira. Manajan ya dube ni sama da ƙasa ya ce na yi kama da ango, su kuma mai jin yunwa suke nema.

Bai tsaya nan ba. Da yamma ya bi ta rumfar hatsi ya ji Yaya yana rera ƙidayar awo da muryar nan tasa mai kauri, yana tsokanar 'yan dako tsakanin tiya da tiya. Ya tambaya, aka ce masa ai dangin uwarmu duk a Maraɗi suke, Yaya ya san bakinsu da hanyoyinsu. Kafin wata ya mutu an ba shi rigar kamfani, da mota mai lasifika a ka, da direba, an ce ya ƙetare ya yi ta zagaya kasuwannin Nijar yana tallar bota. Ya nemi izinin surukinsa, tsohon ya sa masa albarka. Yaya ya bar matarsa da goyo a gidanmu, yana zuwa lokaci-lokaci.

Ni da na yi wanka, na koma ina cewa saura mutum ɗaya.

Na bi shi yawon sau ɗaya, wai in ga ko akwai abin da yake yi wanda ba zan iya ba. Abin da na fara lura da shi, Yaya ba ya fara talla da talla. In mota ta tsaya a kasuwa sai ya kunna lasifika ya yi sallama, ya gai da mai gari, ya gai da sarkin kasuwa, ya tambayi ruwan bana, ya yi wa wanda aka yi wa rasuwa gaisuwa, ya yi wa mai sabuwar haihuwa barka. Sai mutane sun manta da abin da ya kawo shi, sannan ya ɗaga gwangwani. Manajan ya sha yi masa faɗa, ya ce gaisuwar nan batir take ci. Yaya ya ce masa, "Ranka ya daɗe, mutumin da ban tambayi lafiyar gidansa ba, da wace fuska zan tambayi aljihunsa?"

Akwai maganar da aka rubuto masa daga Ikko, wai ya riƙa cewa a bar abincin da, a shigo zamani. Bai taɓa faɗin ta ba. Ya ce ga matan Fulani can zaune da ƙwaryar man shanu, in ya zagi man shanu ta lasifika, wa zai sayar masa da fura in rana ta yi? Sai ya riƙa cewa man shanu na tuwo ne, bota ta burodi, kowa da gidansa. Shi kansa bai son botar ba. Ya ce mini ɗanɗanon kyandir take yi masa. Na ce to me ya sa mutane suke rububin ta?

"Auta, ba bota suke saye ba," in ji shi. "Sun ga ƙato yana dariya da burodi a hannu, dariyar suke so. In mutum ya kai gwangwani gida ya buɗe bai tarar da ita ciki ba, sai ya ce ƙila tana cikin na gaba."

Mun je wata kasuwa can arewa da Maraɗi, inda fari ya yi ɓarna. Kasuwar ba hatsi, sai mata da ƙwarya wayam da awaki masu haƙarƙari a waje. A jikin motar an zana hoton nan nasa, baki buɗe. Yaya ya leƙa ta taga, ya ce wa direba ya juya motar ya manna gefen hoton da bango. Bai kunna lasifika ba. Ya sauka ya gai da mutane da fatar baki, ya buɗe kwalin da aka ba shi na ɗanɗano ya rarraba, muka wuce. Tafiya ta yi nisa kafin ya ce, ba ni yake kallo ba, "A gida kuɗi suna neman abin da za su saya, nan kuma an aiko ni in ci abinci a gabansu."

Zaman can bai yi masa daɗin da nake zato ba, ko da yake ban yarda ba a lokacin. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya, amma in jandarma, ɗan sandan can, ya tare shi sai ya ce ɗan Ingilishi ya kawo takardu. In ya dawo Jibiya da dogon burodin nan nasu a hammata, mu kuma mu ce ga ɗan Faransa ya iso. Ya ce mini shi kaɗai ne mutumin da ake yi wa sannu da zuwa a ƙasa biyu, ba a ce masa sannu da gida a ko ɗaya. Na ce in ya gaji ya ba ni rigar.

Ya ba ni, a kasuwar Madarunfa. Ba rigar ba, abin maganar. Ya ce, "Ga shi, tunda kullum kana cewa ka fi ni baki." Ni da nake cika mota da ƙarya tun safe har dare, na karɓa na yi sallama, sai na ji muryata ta fito daga saman mota kamar ta wani ƙaton aljani, jakuna suka tsinke igiya, kasuwa ta juyo gaba ɗaya tana kallona. Na sake sallama. Aka amsa. Na sake. Wata tsohuwa ta ce, "Mun amsa, ɗan nan, sai mi?" Kaina ya zama fanko. Yaya ya zare abin daga hannuna a hankali ya ce, "Jama'a ku yi mishi haƙuri, ƙanena ne, yanzu ya ɗanɗana botar, daɗi ya ɗaure mishi harshe." Aka fashe da dariya, aka yi layi. Ranar ya sayar da abin da bai taɓa sayarwa ba. Ya rufa mini asiri, bai kuma taɓa ba da labarin a gida ba. Wannan alherin ma na daɗe ban yafe masa ba.

To, allon. Yaya yana can ƙetare aka zo aka haƙa ramuka aka zuba siminti, aka kafa shi a bakin hanya, ya fi rufin ofishin kwastan tsayi. An zaɓi wurin ne don duk mai shiga da mai fita ya gani. Ba wanda ya tambayi rumfar wa yake kallo. Da aka yaye ƙyallen da aka rufe shi da shi, sai ga Yaya, kansa ya kai girman rumbu, baki a wage, burodi a hannu, idanunsa a kan tabarmar surukinsa daidai.

Tsohon ya tashi, ya ɗauki tabarmarsa, ya juya ta, ya ba hanya baya.

Wanda bai san dillanci ba zai ce ai ba komai. Dillali da ido yake ci. Shi ne zai hango motar hatsi tun tana nesa, ya san ta Daddara ce ko ta Gangara, ya ɗaga hannu kafin wani ya riga shi. Dillalin da ke kallon bangon zana, manoma sai su wuce shi su sauke a rumfar gaba. Haka ya zauna, damina ta zo ta wuce, kaka ta zo. Ciniki yana raguwa, shi kuma bai juyo ba.

Direbobi kuwa sun sami abin yi. Kowa ya tsaya jiran kwastan sai ya leƙo.

"Baba, barka da hutawa. Yaron naka bai ƙoshi ba har yanzu?"

"Baba, a kai mishi ruwa mana, kada ya shaƙe."

Ni ina tasha ina jin su. Dariya na yi, ba zan ce ban yi ba, kuma ta yi mini daɗi har cikin ciki. A karon farko tun ranar wankan nan na ji kamar Allah Ya dube ni.

Abin da ya karya haƙurin tsohon, wani ɗan iskan direba ne ya ajiye guntun burodi a gefen tabarmarsa ya ce ga ragowar surukinsa. A ranar ya aika aka ɗauko ɗiyarsa daga gidanmu, da goyonta da kwanukanta. Babanmu ya tura dattawa su ji laifin da aka yi. Tsohon ya karɓe su da mutunci, ya ba su goro.

"Ku ce mishi ban kore shi ba, ban kuma ce shi saki ɗiyata ba," in ji shi. "Ta zamna nan gida har shi gama cin abinci. In ya gama, shi zo shi ɗauki matarshi."

Labari ya iske Yaya a Tasawa. Ya dawo, amma bai biyo ta hanya ba, don sai ya wuce tsakanin allon da rumfar. Ta cikin gonaki ya zagayo kamar mai fasa-ƙwauri, ƙaya duk ta yage masa wandon kamfani. Ya aika da biko: turamen atamfa, rediyo, buhun sukari. Aka dawo da su ko ɗaurin ba a kwance ba. Na je gidan da kaina in ga matar Yaya, tunda ni ƙanin miji ne ba a hana ni shiga. Na ce mata ta kwantar da hankali, in abin ya ƙi ga ni nan, ni ba na cin komai a gaban kowa. Ta jefe ni da muciya. Amma da zan fita ta kira ni, ta rage murya.

"Ka ce mishi ni ban yi hushi ba. Amma Baba ya rame, ko tuwon dare ba ya ci. In sai an zaɓa, ba ni iya tsallake shi in taho."

Manajan ya zo Katsina a lokacin, Yaya ya ɗauke ni muka je. Ya roƙi a cire allon, manajan ya ce kamfani ya kashe abin da ya kashe, kuma tun da aka kafa shi ciniki ya hau. Ya roƙi a juya shi, aka ce yana cikin siminti. Mutumin ba mugu ba ne, abin ne bai shiga kansa ba sam. Ya ce a garinsu in aka sa surukin mutum a allo, gayyar abokai zai yi su zo su gani, a yi kiɗa. Ya yi ta tambaya, "To me ya yi masa? Ya zage shi ne?" Sai Yaya ya jawo ni gaba ya ce ga ƙanensa, kamarsu ɗaya, ba shi da suruki a bakin hanya, a sa shi a madadinsa.

Manajan ya ce in buɗe baki. Na buɗe. Ya leƙa ya ga abin da goro da taba suka yi shekaru suna ginawa. Ya ce da wannan bakin sai dai tallar goro, ita ma in mai goron yana son ya karye.

A motar dawowa muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce daɗi ya ji da aka ƙi ni, da ma ya kai ni ne don a yi mini dariya. Ya ce ni ne dai na ji daɗi da aka ɗauke masa mata, an gaya masa dariyata ta fi ta direbobi ƙara. Na ce allon da ma nawa ne ya sace. Ya ce in je in ɗauka, in haɗa da surukin. Fasinjoji suka raba mu, wata mata ta koma tsakaninmu da kwandon kaji. Muka daina magana.

Ranar kasuwa da hantsi ina tsakiyar lodi, sai na ji an dafa kafaɗata. Yaya ne, cikin tsohuwar rigarsa ta awo. Ashe ya koma Maraɗi ya miƙa musu rigar kamfani da lasifikarsu. A hannunsa akwai gwangwanin baƙin fenti irin na masu gyaran mota, da buroshi. A ƙasa ga tsani biyu na magina an ɗaure su da igiya.

"Zo ka riƙe mini," ya ce. Abin da ya faɗa ke nan.

Na riƙe. Ya hau, tsanin yana lanƙwasa, kasuwa ta fara tsayawa. 'Yan dako suka sauke buhuna, kwastan suka fito ƙofar ofis, direbobi suka kashe inji. Ya fara da burodin. Ya shafe hannun. Ya shafe bakin, da dariyar da mutane ke saye. Fenti yana ɗigo mini a ka, ban iya matsawa ba. Da ya zo kan idanun sai ya tsaya. Fuskar nan an san ta daga Katsina har Damagaram, yara suna bin motarsa suna kiran Mai Bota, mu kuwa gidanmu ba a taɓa sanin kowa ba bayan unguwarmu. Ni da na fi kowa ƙin allon nan, na ji bakina yana cewa, "Yaya, bar idanun mana, ai ido ba ya tauna." Bai ko dube ni ba. Ya tsoma buroshi ya ja.

Ya sauko, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Ya tsallaka hanya, ya tuɓe takalmi tun daga bakin kwalta, ya je ya durƙusa nesa da tabarmar, a bayan tsohon. Wani dattijo ya raɗa wa tsohon abin da ya faru. Tsohon ya dafa ƙasa ya tashi, ya ɗauki tabarmar, ya kakkaɓe ta, ya shimfiɗa ta tana kallon hanya, ya zauna. Ya ɗaga kai ya kalli baƙin allon. Bai kalli Yaya ba, ai ba a yi. Ya ce wa mutanen rumfar:

"A ɗebo mishi ruwa shi wanke hannu."

Kafin La'asar matar Yaya tana ɗakinta.

Kamfani ya kai ƙara, 'yan sanda suka kira Yaya, dattawan kasuwa suka bi shi gaba ɗaya suka cika ofishin har aka rasa wurin tsayawa, maganar ta mutu a nan. Motar lasifika aka ba wani. Yaya ya koma kan tiyarsa da ƙaiƙayinsa. Na ce alhamdu lillahi, yanzu mun zama ɗaya, kowa ya san zafin rana.

Ina fa. Direbobin nan da suka yi ta tsokana su ne suka ɗauki labarin suka watsa shi har inda botar ba ta taɓa kaiwa ba. Manomi ya taso daga ƙauye ya ce shi sai rumfar mutumin da ya shafe fuskarsa saboda surukinsa, wai irin wannan ba zai danne tiya da babban yatsa ba. 'Yan kasuwar Maraɗi su wuce rumfuna biyar su sauke a tasu. Da tsohon ya tsufa ƙwarai, ga 'ya'yansa maza, amma ya miƙa wa Yaya tabarmar. Na taɓa ce masa duk tallar da ya yi a duniya babu wadda ta kai ta ranar tsanin nan, kuma ni na riƙe tsanin ba a ba ni ko la'ada ba. Ya yi dariya har da tari, ya sa aka kai mini buhun gero gida. Kowace kaka sai ya kai, har bana. Ina ci ina ƙorafi.

Bai ƙara riƙe abin magana ba, ko a ɗaurin aure. In rediyo ya fara talla sai ya karkata kai ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wannan bai gai da kowa ba," ya rage murya. Wani lokaci in motar Nijar ta tsaya a gaban rumfa, ya kan tambayi direban ko itacen nan na tsakiyar kasuwa kaza yana nan, ko an gyara gadar wuri kaza. In an ba shi amsa sai ya daɗe yana kallon hanya. Bai taɓa cewa ya yi kewar yawon ba, ni kuma ban tambaya ba, don kada ya ce e in rasa abin da zan yi wa baƙin ciki.

Allah Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ya ɓoye mana, Ya yalwata masa wurin kwanciya, Ya ba matarsa haƙurin da ya fi nawa. Ni kuma in tawa ta zo, Allah Ya sa a ajiye ni kusa da shi, ko masu zuwa masa ziyara sa yi kuskure su yi mini addu'a.

A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi da rana, na tarar an jingina shi da bango a zaure. Na zauna ina ba shi labarin tasha, na kawo zancen da na saba kawowa, cewa ya ci arzikina ya hana ni. Ya bar ni na gama. Sannan ya juyo da kai ya yi mini wata tambaya, ba da wasa ba, ba kuma da faɗa ba. Na yi kamar tari ya sarƙe ni, na fita neman ruwa, na daɗe a waje. Da na dawo barci ya ɗauke shi. Ban ba shi amsa ranar ba, ban kuma ba shi ba har muka ɗauke shi.

"Auta," ya ce, "da fuskarka ce a saman nan, ni ke riƙe da tsani, da ka hau?"